Makaɗi Ma Yana Da Allo

Wata ranar Litinin bayan la'asar ina ratsa wani lungu a Madabo, sai na tarar da wani yaro da bai fi shekara tara ba zaune a dokin ƙofa, ya kife tsohuwar jarka tsakanin gwiwoyinsa yana bugunta da karare biyu. Yara masu dukan jarka ba baƙi ba ne a birnin Kano, amma wannan ya tsayar da ni, domin abu ɗaya yake ta maimaitawa: bugu uku da dama, ɗaya da hagu. In ya kuskure sai ya tsaya, ya koma farko, ya rage sauri. Yana cikin haka wani dattijo ya leƙo daga zaure ya daka masa tsawa: "Kai, tashi ka ba mutane wuri! Gidanku maroƙa ne?" Yaro ya watsar da karare ya ranta a na kare. 'Yan taku kaɗan daga wurin, a wani zauren, almajirai ne ke biya layi ɗaya a bayan malaminsu, suna kaiwa ƙarshe suna komowa farko.

Ban ga laifin dattijon ba da ya nemi shiru. Unguwa ce da katanga ke jingine da katanga, mai hutawa da mai nazari kowa yana da haƙƙi. Tambayar da ya jefa wa yaron ce ta tsaya mini a rai, domin ta tattara abu biyu da muka daɗe muna faɗa wa kanmu game da kiɗa: na farko, wai gado ne kawai, ba a koyonsa, na biyu, wai gadon ma abin kunya ne. Ina ganin duka biyun kuskure ne, kuma kuskuren nan yana gab da raba mu da wani ilimi da ba za mu iya sayo shi daga ko'ina ba in ya tafi.

Abin da Madabo ta riga kowa sani

Madabo tana cikin tsofaffin unguwannin malamai na birnin Kano. Ana danganta asalinta da Wangarawan da suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, waɗanda Tarihin Kano ya ce sun iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. A nan sarautar Babban Malami take, kuma an san unguwar da karatun fiƙihu, musamman Muhtasar. Idan akwai wurin da ya san yadda ake gina gwani daga tushe a ƙasar Hausa, to nan ne.

Yaya ake ginin? Yaro yakan fara da babbaƙu, harafi bayan harafi, ba tare da ya san ma'anar komai ba. Daga nan ya shiga farfaru. A rubuta masa allo, ya biya, ya wanke, a sake rubutawa. Wanda ya haddace ma bai huta ba, kullum asuba yana tilawa, domin ya san abin da aka bari kwana biyu yakan fara zamewa. Ba mu taɓa jin wanda ya ce ɗan alaramma ba ya buƙatar allo tunda ya gada ba. Hasali ma an fi matsa masa, saboda an fi sa masa ido.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban daidaita darajar karatu da ta kiɗa ba, ba kuma zan daidaita ba. Maganata a kan hanyar da ɗan Adam ke bi ya ƙware ce, ko marini ne a Ƙofar Mata, ko baduku, ko maƙeri, ko likitan fiɗa. Hanyar guda ce: a gutsura abu ƙanana, a maimaita a hankali har jiki ya riƙe, sannan a ci gaba da maimaitawa don kada ya saki. Mun yarda da wannan a kowace sana'a. Da an zo kan makaɗi sai mu ce baiwa ce, kamar an haife shi da gula a hannu.

Faifan roba da babbaƙun kiɗa

Makaɗan gangunan Turawa suna da wani abu da ya cancanci a kira shi allonsu. Faifai ne na roba da aka manna a kan katako, faɗinsa daga inci 6 zuwa 12, kusan kamar faifan rufe ƙwarya. Ba shi da amo sai ɗan ƙas-ƙas, amma yana mayar da sanda sama kamar yadda fatar ganga ke yi. Amfaninsa biyu ne. Mutum zai yi awa guda yana atisaye maƙwabcinsa bai sani ba. Sannan ba ya rufa wa kowa asiri: ganga tana da amsa-kuwwa da ke lulluɓe kuskure, shi kuwa faifan nan in hannunka na hagu ya fi na dama rauni, kunnenka zai gaya maka nan take.

Kafin makaɗi ya hau dandamali, ko ya fara aikin yini, a kan faifan nan yake ɗumama hannu. Yakan fara da bugu takwas da dama, takwas da hagu, a hankali, yana sakin wuyan hannu. Sai ya koma ɗaya-ɗaya, dama, hagu, dama, hagu, yana sauraron ko nauyinsu ya zo daidai. Sai bibbiyu, inda wuyan hannu ke yin bugun farko, yatsu su kama dawowar sanda su yi na biyu. Sai ya haɗa su: dama, hagu, dama, dama, sannan hagu, dama, hagu, hagu, wanda suke kira paradidil, sunan da aka kwaikwayo daga amon bugun kansa. Kowanne yakan fara shi da sanyi, ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan, ya sake saukowa, yana bin na'urar ƙidayar bugu, wadda a yau kowace wayar hannu ke iya ɗauka. Dalilin duk wannan a fili yake. Jijiyoyin wuyan hannu da na yatsu ƙanana ne, in aka afka musu da gudu suna sanyi sukan ƙage ko su kumbura, kamar yadda ɗan ƙwallo ke jin ciwo in ya faɗa fili bai motsa jiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗannan salon bugu ba daga sama suka faɗo ba. Tushensu gangunan sojojin Turai ne, musamman na Suwizalan, inda ganga ke isar da umarni ga runduna, don haka dole kowane makaɗi ya buga abu iri ɗaya. A 1933 wasu manyan makaɗan Amurka suka haɗu a Shikago suka kafa ƙungiya, suka tsayar da salo 13 da suka ce kowane ɗalibi sai ya iya, suka ƙara wasu 13 suka zama 26. A 1984 wata ƙungiyar masu kayan bugu ta faɗaɗa su zuwa 40. A tsakani, cikin 1935, wani malamin ganga na Boston mai suna George Lawrence Stone ya wallafa littafinsa Stick Control, wanda shafukansa na farko ba komai a ciki sai jerin dama da hagu a tsare-tsare daban-daban. Shekara casa'in ke nan, har gobe ana buga shi ana saye. Abin da mutanen nan suka yi shi ne suka zauna suka fitar da babbaƙu da farfarun kiɗansu, suka ba kowanne suna, suka jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kada a ce wannan sai Bature. Tony Allen, ɗan Legas da ya riƙe wa Fela Kuti ganguna shekara da shekaru, wanda ya rasu a Paris a 2020, ya ba da labarin cewa a tafiyarsu Amurka ta 1969 wani makaɗi mai suna Frank Butler ya shawarce shi ya riƙa atisaye a kan matashin kai. Matashi ba ya mayar da sanda, don haka dole wuyan hannu ya yi aikin duka. A lokacin Allen ya riga ya zama makaɗin da ake ji da shi, bai ce ya wuce nan ba.

Ƙaryar da muke yi wa kalmar gado

Gaskiya ne kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce, kuma kowane rukuni da gangarsa. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da jauje na fada, tambari kuwa na sarki shi kaɗai. Amma me ake nufi da gado? Mu 'yan boko mukan ɗauka wani abu ne da ke gudana a jini. Duk wanda ya taɓa zama ya kalli ƙungiyar makaɗa da idon basira ya san makaranta ce mai aji-aji.

Dubi ƙaramin yaron da ke tsaye a gefe da kuntuku ko kanzagi. Aikinsa ya riƙe bugu ɗaya tak, ba ƙari ba ragi, tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, yayin da babban kalangu ke yawo yana magana a kansa. In ya yi gaba ko ya yi baya, harara ce za ta dawo da shi, wani lokaci har da ranƙwashi. Yakan yi shekaru a haka kafin a miƙa masa gangar da ke bin ta uban kiɗi, ya ƙara wasu shekarun kafin ya ja gaba. Wannan kuntukun shi ne faifan robarmu, shi ne kuma na'urar ƙidayarmu. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan gado ne gaba da baya, amma sai da ya bi mahaifinsa, ya kuma yi zaman amshi a bayan wansa Kurna, kafin duniya ta san sunansa. Abin da ya gada shi ne damar zama kusa da gwanaye tun yana ƙarami. Sauran kuwa guminsa ne.

A Indiya, wadda finafinanta suka raine mu, haka abin yake. Zakir Hussain, gwanin tabla da ya rasu a Disambar 2024, ɗan Alla Rakha ne, wani gwanin. Duk da haka tun yana yaro mahaifinsa ke tashinsa cikin dare su zauna darasi. Makaɗan can suna da suna ga kowane bugu, suna furta shi da baki kafin hannu ya taɓa fata, kuma atisayen kullum suna kiransa riyaz, daga kalmar Larabci riyada, wadda ma'abota ɗariƙa a Kano suka sani sarai da ma'anar horar da kai.

Mu kuwa dubi abin da harshenmu ya yi wa ajin farko na makarantar kiɗa. Ɗan kanzagi a bakinmu yau shi ne maras ra'ayin kansa, mai goyon bayan ƙarya don abin miya. 'Yan amshin Shata kuwa sun zama sunan da muke jifan 'yan majalisar da ba sa musa wa gwamna. Mun ɗauki matakai biyu da ake koyon haƙuri da sauraro da riƙe ƙa'ida a cikinsu, mun mai da su zagi. Al'ummar da ta yi haka kada ta yi mamaki in ta wayi gari ba mai son zama a ajin.

Makarantar da ta rushe ba a ji ƙararta ba

Wani zai ce, to tunda muna da tsarinmu, me ya kawo maganar faifan roba? Abin da ya kawo ta shi ne tsarin namu a kan yawan taro ya dogara. Yaron makaɗa bai taɓa buƙatar keɓe lokacin atisaye ba, domin rayuwa ce ke ba shi: gayyar noma da damina, dambe da kokawa da kaka, kalangun mahauta ranar kasuwa, dandalin 'yan mata da daddare, ga biki ga suna. A mako guda yakan yi awoyi masu yawa yana bugu a bayan manya. Hannunsa bai taɓa yin sanyi ba balle a ɗumama shi.

Yanzu fa? Dandali ya mutu a birni, yana shure-shure a ƙauye. Gayya ta ja baya. Biki ya koma zauren taro na haya, inda mutum ɗaya da kwamfuta da lasifika ke cika wuri da ƙara. Tun cikin shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, abin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kansa, mawaƙin fim ko na siyasa ba ya buƙatar ya ciyar da makaɗa shida. Ɗan makaɗi yana makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, in ya tasa ya nemi Adaidaita Sahu ya ja. Ban ce ya yi laifi ba. Amma awoyin nan da suka gina hannun kakansa sun tafi, kuma ba mu kawo komai a madadinsu ba. In taro ya daina ba da atisaye, dole a ware wa atisaye lokacinsa da kayansa da tsarinsa, in ba haka ba a wayi gari da ganguna a rataye ba mai iya sa su magana.

Na ce magana, kuma da gangan na faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na itace da kuka na hawaye, wuya ta jiki da wuya ta wahala, hawa da saukar murya ne ke raba su. Kalangu yana bin wannan hawa da saukar ne: makaɗi ya matse tsirkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka, gula kuma tana bin tsawo da gajartar gaɓoɓi. Da haka ake yin take, wanda ɗan dambe zai ji tsigar jikinsa ta tashi tun ba a ambaci sunansa ba, basarake ya ji ya san da shi ake. Fiyano yana iya ɗaukar amon kalangu ya riƙa juya shi, amma bai san taken kowa ba. Kowane tsohon makaɗi da aka kai makwanci, da taken gidaje da na sarautu da na sana'o'i ake binne shi, waɗanda ba a rubuce suke ba, ba kuma a faifai ba.

Wannan ne ma ya sa ba na tare da masu ganin a sayo faifan roba da littafin Stone a raba wa yara shi ke nan. Faifan roba murya ɗaya gare shi, kuma an yi shi ne don sanduna biyu mi�aƙƙu. Gular kalangu lanƙwasasshiya ce, ɗaya ce, rabin aikin kuma yana ga hannun da ke matsa tsirkiya. Kotso da taushi da tafin hannu da yatsu ake buga su. Abin da za mu ara a wurin mutanen Shikago shi ne dabarar zama a fitar da babbaƙu. Babbaƙun kansu sai dai namu.

Laifinmu, mu masu takardu

A nan ne nake da ƙorafi a kan ajinmu. Mun yi wa waƙar baka hidima, ba a musu. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tara tarihin makaɗa da mawaƙa da hanyoyin nazarin waƙoƙinsu. Ɗalibai kuma suna ta rubuta kundaye a kan jigo da salo da zambo da habaici. Amma kusan duk hankalinmu a kan baki yake. Mai karatu, gwada wannan: waƙoƙin Shata nawa za ka iya lissafawa, kuma sunan mutum nawa ka sani cikin waɗanda suka riƙe masa kalangu? Mun kwashe kalmomi mun zuba a takarda, mun bar hannuwan da suka ɗauke su a waje.

Littafin da ya tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu da wuraren da ake amfani da su, wanda masu bincike ke komawa gare shi har yau, baƙi biyu ne suka rubuta shi, David Ames da Anthony King, a 1971. Dubi kuma maƙwabta. Akin Euba ya wallafa cikakken nazari a kan kiɗan dundun na Yarabawa a 1990. Babatunde Olatunji ya tsara wa ɗalibansa a Amurka gaɓoɓin baki da ke wakiltar kowane bugu. Mamady Keita na Gini ya buɗe makarantar jembe a Beljiyam a 1991, ta yi rassa a ƙasashe, ga shi yau ana koyon jembe daga Japan har Jamus. 'Yan'uwanmu na Nijar sun kafa cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989. Buɗe YouTube ka nemi darasin jembe ko na tabla, sai ka gaji da kallo. Sannan ka nemi na kotso.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, muka yi ta murna a Facebook. Hawa kuwa ba dawaki da alkyabba ne kaɗai ba. Cire tambura da ganguna da algaita da kakaki ka ga abin da zai rage. Wanda zai buga su nan da shekara talatin, yau yana da shekara tara, kuma akwai yiwuwar ana korarsa daga wani dokin ƙofa.

Amsa ga masu ja

Za a ce mini addini. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa, malaman jihadi ma sun yi rubutu a kai, sun soki wani sun ƙyale wani, kamar gangar yaƙi da ta kiran taro. Ni ba mai fatawa ba ne. Wanda ya ɗauki fahimtar haramci, ya kuma kame kunnensa da aljihunsa, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Rigimata da wanda ke jin Ɗanƙwairo a mota, ya gayyato makaɗa bikin 'yarsa, ya yi liƙi har hularsa ta karkace, sannan gobe ya kira su maroƙa da yatsine. In abin ƙazanta ne, me ya kai ka ci? In kuwa halal ne a wurinka, me ya hana ka mutunta mai dafawa? Ban da haka, birnin nan cike yake da bugun da jama'a da yawa ba sa ƙyama: tamburan Gidan Rumfa, bandirin Ƙadiriyya a Kabara da ranar Maukibi, gangunan fareti da ɗaliban Islamiyya ke zagaya gari da su a watan Maulidi da ranar Takutaha. Duk hannuwa ne ke yin su, kuma hannu in bai koya ba ɓarna yake yi. Masu bandiri sukan kanga shi a wuta kafin a fara don fatar ta ɗaure. Mun san fata tana son ɗumi, hannun da zai yi awa biyu yana dukanta ne ba mu tuna da shi ba.

Za a ce rubutawa da tsarawa za su kashe armashin abin, su kuma tona sirrin gidajen gado. Madabo ta amsa wannan tun ƙarnoni. Littafi yana nan a rubuce, amma ba wanda ya zama malami da karanta shi shi kaɗai a ɗaki, sai ya durƙusa gaban wanda ya ji daga wanda ya ji. Rubutu bai kori malami ba, ya dai hana karatu mutuwa in malamin ya mutu. Game da sirri kuwa, masu shi ne za su faɗi abin da za a fitar da abin da za a bari, kuma a biya su, da sunansu a kan aikin.

Za a kuma ce ana fama da tsadar masara, wa ke ta kalangu? Amsa ita ce kiɗa sana'a ce da ke ciyar da gidaje, kuma abin da ake buƙata bai kai kuɗin kujerun taron ƙaddamar da littafi ɗaya ba.

Abin da za a iya farawa da shi

Na farko, a ɗauki hannuwa. Muna da faifan bidiyo na makaɗa da yawa, amma kyamara kullum tana kan fuskar mawaƙi da masu liƙi. A zaunar da tsofaffin makaɗan kalangu da kotso da taushi da ganga, a sa kyamara a kan yatsu da wuyan hannu, a roƙe su su buga a hankali, su faɗi take da baki sannan su buga shi, su kuma faɗi abin da aka fara koya musu da abin da ya biyo baya. Wayar hannu mai kyau ta isa.

Na biyu, daga abin da suka faɗa a fitar da babbaƙu, su kuma su tantance. Ga misalin yadda kwata ɗaya ta safe za ta iya kasancewa ga mai koyon kalangu: minti biyar na gula kaɗai, bugu daidai-wa-daida, daga sanyi zuwa sauri a komo, minti biyar na matsa tsirkiya, ƙasa, sama, da faɗuwa daga sama zuwa ƙasa, har kunne ya rarrabe su ba tare da shakka ba, minti biyar na kalmomi, a furta kuka da kuka, wuya da wuya, a sa ganga ta bambanta su, daga nan a hau gajeren take. Wannan shawarar ɗan jarida ce, gwanaye za su gyara ta, kuma gyaran nasu shi ne abin da ake nema.

Na uku, a yi maganin ƙara, domin dattijon Madabo yana da gaskiya a nan. Guntun katako da robar tsohon tayar mota sun isa faifan atisaye, kowane kafinta a unguwa zai haɗa shi. Kalangu kuma ana iya lulluɓe fatarsa da tsumma. Yaro ya yi abinsa a tsakar gida, mai barci ya yi barcinsa.

Na huɗu, masu gidan rana su shigo. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana da Gidan Ɗan Hausa. Jami'ar Bayero tana da sashen harsunan Nijeriya da cibiyar bincikensu. Fadoji suna da sarakunan kiɗa da ke da iko a kan mabiyansu. Makarantu masu zaman kansu da ke karɓar kuɗinmu suna koya wa 'ya'yanmu fiyano ba abin da zai hana su ɗaukar makaɗin kotso aiki, da albashi irin na kowane malami. Mu kuma da muke da albashi da kyamara da mabiya a intanet, ko mutum goma ne suka haɗa kuɗi za su iya ɗaukar nauyin naɗar makaɗi ɗaya kafin damina ta zagayo.

Ranar nan a Madabo ban ce wa dattijon komai ba. Na durƙusa na gaishe shi, "Baba, barka da yamma," ya amsa da fara'a, ya sa mini albarka, na wuce. Ba shi ya kamata in yi wa gardama ba, abin da ya tarar ya faɗa. Da na waiwaya, karare biyun suna nan yashe a bakin kwata, jarkar kuma wata yarinya ta ɗauke ta za ta ɗebo ruwa.